Wa Ke Lissafin Waɗanda Suka Fito Daga Kurkuku?

Sau biyu cikin shekara huɗu aka fasa gidan kurkukun Tunga da ke Minna. Na farko ran 6 ga watan Disamba 2014, inda fursunoni fiye da 200 suka tsere. Na biyu kuwa ran 3 ga watan Yuni 2018 da dare, 'yan bindiga suka kashe gandiroba guda, wajen mutum 200 suka sake ficewa. Sa'an nan ran 24 ga watan Afrilu 2024 ruwan sama kaɗai ya isa ya kayar da katangar kurkukun Suleja, wanda aka gina tun zamanin Turawa, kusan mutum 120 suka bi dare. Duk a Jihar Neja aka yi waɗannan. Ko wane karo manya sukan zo daga Abuja su zazzaga, su yi alkawarin ɗaga katanga da ƙara ma'aikata, a kuma dinga sanar da jama'a adadin waɗanda aka sake cafkewa, yau kaza gobe kaza.

Ba a ƙi wannan lissafi ba. Amma waɗanda ke fita ta babbar ƙofa da rana tsaka, da takardar sallama a hannu, sun ninka masu haura katanga nesa ba kusa ba, kuma su ne za su koma cikin mutane su zauna. Lissafinsu ne ya kamata ya zama ma'aunin aikin gidan kurkuku, shi ne kuwa ba a cika jin hukuma tana karanta wa jama'a ba.

A ɗauka wani saurayi ne daga Tudun Fulani, watau unguwar nan ta yankin Bosso a kan hanyar Zungeru. An kama shi da satar waya, alƙali ya ɗaure shi wata tara, aka kai shi Tunga. Ran da ya fito, ba abin da ya raba shi da gidan ubansa sai kuɗin keke Napep daga wannan gefen gari zuwa wancan. A takardun hukuma aikinsa ya ƙare, an rage mutum ɗaya daga cikin masu cin gabza. Ga mutanen unguwa kuwa ran nan aikin ya fara. Maigidan da yake koyon walda a wurinsa zai sake karɓarsa? Wa zai ba shi 'ya? In bayan wata huɗu ya koma Tunga da laifin da ya fi na farko, a littafin wa za a rubuta cewa ɗaurin farko bai yi amfani ba? Mai unguwa ya sani, liman ya sani, uwar yaron ta fi kowa sani. Mai tsara kasafin kuɗi a Abuja ne kaɗai labarin ba ya isa gare shi, alhali kuwa shi ne zai yanke shawarar a sayi keken ɗinki ko a sayi bulo.

Dattawa za su tuna da can a Arewa kurkuku na En'e ne, Yari ke riƙe da shi a ƙarƙashin Sarki. Tsarin yana da aibinsa, ba a ɓoye ba, an ɗaure mutane da yawa saboda siyasa kurum. Amma Yari ya san wanda ya ɗaure, ya san gidansu, in an sake shi dagaci ya san ya dawo. A 1968 aka haɗe gidajen yarin En'e da na Gwamnatin Tarayya suka zama hukuma guda, a 1972 aka yi musu dokar soja mai lamba 9. An sami tsari bai ɗaya a ƙasa duka, amma igiyar da ta haɗa kurkuku da unguwa ta tsinke, ba a kuwa ƙulla wata a madadinta ba.

A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, aka sake wa hukumar suna ta koma ta gyaran hali. Masu ba'a sun ce an sauya wa tuwo suna ne kawai. Sun yi gaggawa, domin dokar tana da nama a jikinta. Ta raba aikin gida biyu: masu tsare mutum a ciki, da masu kula da wanda aka yanke wa hukunci amma yana zaune a waje, ko dai ɗaurin talala, ko aikin jama'a ba lada, ko sulhu tsakaninsa da wanda ya zalunta. Har ila yau ta ce in gidan kurkuku ya cika ya batse, Kwanturolan jiha ya sanar da Babban Joji da Antoni-Janar cikin mako guda. In wata uku suka wuce ba a yi kome ba, yana da ikon ya ƙi karɓar sababbin masu jiran shari'a. Doka ce mai kyau. Abin tambaya shi ne sau nawa aka yi aiki da wannan iko a Jihar Neja tun daga 2019, kuma mutum nawa kotunan Minna suka ba talala maimakon ɗauri. Ɗan majalisar da ya tashi ya nemi waɗannan alƙaluma biyu ya fi wanda ya kai buhunan shinkafa kurkuku ran Salla yi wa fursuna aiki, ko da yake na biyun ne hotonsa ke fitowa a jarida.

Duk wanda zai auna aikin gyaran hali lalle ne ya fara da wata gaskiya mai ɗaci. Shekara da shekaru, kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Nijeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Mutumin da bai san ko gobe za a sake shi ko sai bayan shekara uku ba, ba a tsara masa koyon kafinta, domin ba a san tsawon zamansa ba. Ashe ke nan shirin koyar da sana'a, kome kyansa, ƙalilan yake shafa. Sauran suna zaune ne kurum, ɓarawon akuya ɗaki ɗaya da ɗan fashi, wanda ya shiga da ƙaramin sani ya fito da babba. Rahoton da ya ce an yaye mutum kaza a aikin ɗinki, ya yi shiru a kan wannan taro, ya auna jelar raƙumi ne ya bar raƙumin.

Ga kuma wani lissafi da ko ɗan firamare zai iya. A watan Nuwamba 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ba da sanarwar sakin fursunoni 4,068 waɗanda tara ce kawai ta riƙe su, bayan an tara Naira miliyan 585 daga kamfanoni da masu hali an biya musu. In aka raba, ko wanne bai kai Naira 145,000 ba. A lokacin kuwa Naira 750 ake ware wa abincin fursuna a yini, watau ciyar da su duka yana cin fiye da Naira miliyan 3 kullum. Cikin wata shida da 'yan kwanaki gwamnati ta ci kuɗin tarar a tukunya. Sakinsu abin yabo ne. Sai dai an sami dama irin wadda ba a cika samu ba: mutum dubu huɗu da sunayensu da garuruwansu, an sake su lokaci guda. Ya kamata a ce yau akwai takarda gaban Majalisar Tarayya mai nuna nawa suka sami abin yi, nawa suka koma ciki. Da irin wannan takarda ake sanin ko a maimaita shirin ko a gyara shi.

Ɗaurin talala ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, sunan ma daga dabbar da aka sassauta wa igiya ta yi kiwo aka samo shi. A Amurka ma ba wani babban masani ne ya ƙago shi ba. Wani baduku ne a birnin Boston, John Augustus, ya tashi a kotu a 1841 ya roƙi alƙali ya ba shi wani mashayi ya tsaya masa, bayan mako uku ya komo da shi a natse. Ingila ta mai da abin doka a 1907. Asalinsa ke nan: mutum guda sananne ya ce, ku ba ni shi, ni zan amsa.

A nan ne maganar ta shafi mai karatu da ke Agege ko Idi-Araba, ko Sabon Ibadan, ko Shagamu, ko Fatakwal. Alƙali ba ya ba da talala sai ga wanda ke da adireshi da mai tsaya masa. Yaron da ya baro Tudun Fulani ya zo Ikko yana acaba ko turin baro, yana kwana a rumfar kasuwa ko a harabar masallaci, ba shi da ko ɗaya. In an kama shi tare da ɗan gari a kan laifi iri guda, ɗan gari zai yi sharar titi kwana kaɗan ya koma gida, shi kuwa a wuce da shi Kirikiri ko Ikoyi. Kurkukun Ikoyi an gina shi ne a 1955 domin mutum 800. A watan Disamba 2019, sa'ad da wayar lantarki ta kashe fursunoni biyar a ɗaki guda, mutanen da ke ciki sun haura 3,000. Sauƙin da doka ta kawo zai tsallake baƙo ke nan, ba don alƙali ya ƙi shi ba, sai don ba wanda ya miƙe a kotu ya ce ya san shi.

Sarakunan Hausawa na kurmi da masu gidajen baƙi sun daɗe suna wannan aiki tun zamanin fataucin goro da shanu. Su ke karɓar baƙo, su ke lamunce masa bashi, su ke zuwa caji ofis da tsakar dare. Abin da ya rage shi ne a shigar da su cikin tsari a rubuce. Ko wace fada ta ajiye littafi mai sunan yaro da garinsu da maigidansa, ta kai sunayen dattawan da suka yarda su tsaya wa mutum ga ofishin hukumar na jiha, domin ma'aikacin sa ido ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Tun da kuwa hukumar ta Tarayya ce, tana da ofis a Ikko tana da shi a Minna, me zai hana a nemi wanda aka ba talala a Ikko ya ƙarasa wa'adinsa a gida, ƙarƙashin idon ma'aikaci a Minna da mai unguwar Tudun Fulani? Kuɗin motarsa bai kai na abincinsa na 'yan watanni a Kirikiri ba.

Gwamnonin jihohi ma ba su da sauran mafaka. A watan Maris 2023 aka gyara tsarin mulki, aka ba jihohi ikon kafa gidajen gyaran hali nasu. Galibin waɗanda ke tsare dokokin jiha ake tuhumarsu da karyawa, kotunan jiha ne suka aika da su, Tarayya ke ciyar da su. Kafin Majalisar Dokokin Jihar Neja ta amince da ko bulo ɗaya na sabon gini, sai ta kira Kwanturola da Antoni-Janar su zo da alƙaluma: mutum nawa ke Tunga, nawa ne a cikinsu ba a yanke wa hukunci ba, nawa ne wannan shi ne shigarsu ta biyu ko ta uku, kuma ma'aikatan sa ido nawa ke akwai domin ƙananan hukumomi 25 na jihar.