Daga Bakin Gulbi: Man Agadem da Injin Manomin Safo

A wannan mako mun leƙa fadamar Safo, cikin gundumar Madarunfa, inda masu noman rani ke tada injinan ban ruwa tun da asuba. Duk wanda ya ji kukan injin nan ya san ba ruwa kaɗai yake sha ba, har da isansi. To, daga ina man yake fitowa, kuma wa ke riƙe da makullinsa?

Amsar tana kai mu ga kamfanin CNPC na ƙasar Sin. An kafa shi a 1988, ya gaji ma'aikatar man fetur ta ƙasar, wadda ta yi suna da rijiyoyin Dacin da aka gano a 1959. Daga 1993 man da Sin ke haƙowa ya daina isar ta, sai kamfanin ya bazama duniya neman rijiyoyi: Peru, Sudan, Kazakistan, har ya iso Sahara.

Man Nijar kuwa ba Sinawa suka fara jin ƙanshinsa ba. Kamfanonin Turawa irin su Texaco da Esso da Elf sun yi shekaru suna tono a gabashin ƙasa, sun ga mai, amma suka ɗauka nisan teku zai cinye ribar. A 2008, zamanin Shugaba Tanja Mamadu, gwamnati ta ba CNPC yankin Agadem bisa sharaɗin ya gina matata. Ran 28 ga Nuwamba 2011 aka buɗe SORAZ a arewacin Damagaram, mai tace ganga 20,000 a yini, wadda bututu mai tsawon fiye da kilomita 460 ke shayar da ita. Kashi 60 na matatar na CNPC ne, kashi 40 na ƙasa. Ga yadda aikin yake tafiya: CNPC ya haƙo, SORAZ ta tace, sa'an nan SONIDEP, kamfanin gwamnati da aka kafa a 1977, ya saya ya rarraba wa gidajen mai.

Sai dai a nan yankinmu, gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Shekara da shekaru injin manomin Safo da babur ɗin ɗan kabu-kabu na Maraɗi ba man Damagaram suke sha ba. Ruwa-ruwa suke sha, wanda ke tsallako iyaka ta Jibiya da Ɗan Isa cikin jarkoki, domin gwamnatin Najeriya tana biyan tallafi a kansa. Mai saye yana murna, ma'aikacin duwan yana ƙorafi, baitulmali yana asara, matata kuma tana sayar da rararta ga maƙwabta. Kowa ya ɗauka haka za a dawwama.

Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya janye tallafin. Kuɗin mai ya yi tashin gwauron zabo a Najeriya, kwalaben bakin hanya suka yi tsada, jama'a suka koma gidajen mai. A Yuli 2024 gwamnatinmu ta rage litar isansi daga sefa 540 zuwa 499, abin da ya ƙara masu saye. A Maris 2025 kowa ya ga sakamako: dogayen layuka a Yamai da sauran birane, domin matatar da aka auna da buƙatar jiya ba ta ɗaukar nauyin yau. Ashe tallafin maƙwabci ne ya daɗe yana rufa mana asiri.

Abin mamaki, a daidai wannan lokaci ɗanyen mai ya ƙaru. Bututun da ya tashi daga Agadem zuwa tashar Seme ta ƙasar Benin, kusan kilomita 2,000, ya fara cika jiragen ruwa a Mayu 2024, kuma an gina shi don ɗaukar ganga 90,000 a yini. A Afrilun shekarar CNPC ya ba gwamnati bashin dalar Amurka miliyan 400, wanda za a biya da ɗanyen mai. Amma ɗanyen mai ba ya tada injin ban ruwa, sai an tace shi.

Don haka kiranmu biyu ne. Ga ma'aikata masu riƙe da alƙalami: a faɗaɗa tacewa a gida, a horar da ƴaƴanmu su iya aikin tun daga bakin rijiya, a kuma bayyana wa talakawa, cikin harshen da suke ji, abin da ke shiga baitulmali daga kowace ganga. Ga ƴan kasuwa: wanda ya gina sana'arsa a kan bambancin kuɗin mai tsakanin ƙasa biyu, ya tuna kwana ɗaya ya isa a rushe ta daga Abuja. Wanda ya hau dokin aro, ya shirya sauka a tsakiyar hanya.

Albasa da tumatir na fadamar Safo ba su san yarjejeniya ba. Kwanaki kaɗan ba ruwa, sun bushe, bashin iri kuma yana nan a wuyan mai gona.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.