Tsarabar Tsibirin Skye: Budurwar da ta Ceci Ɗan Sarki

  Wasiƙunku sun iso, na kuma ga ƙorafinku na rashin jina a fitowa biyu. Ku yi min afuwa, tafiya ce ta kama ni. Yayata da ke aure a birnin Glasgow na ƙasar Sikotlan ce ta haihu, Hajiyarmu kuma ƙafa ta matsa mata, shi ne aka tura ni zaman jego. Da aka yi arba'in sai maigidanta ya ce ba zan koma gida ban san ko'ina ba sai kicin, ya kwashe mu a mota sai wani tsibiri da ake kira Skye. To yau tsarabarsa na kawo muku.

Tafiyar wajen awa biyar ce daga Glasgow, sannan ki hau wata gada da aka buɗe a 1995. Da biya ake yi kafin a haye, amma tun 2004 kyauta ne. Babban garin shi ne Portree, inda muka sauka. Gidajen bakin ruwan an jera su reras, wannan ruwan hoda, wancan shuɗi, na gaba rawaya, sai ka ce kwallayen ɗakin amarya. A nan za ki ci soyayyen kifi da dankali, amma ki tambaya tukuna, don wasu da giya suke kwaɓa fulawar suyar.

Arewa da garin akwai wani dutse a tsaye ƙiƙam kamar taɓarya, suna ce masa Tsohon Storr. Ni 'yasu da takalmi mai tsini na tafi, ai kuwa ko rabi ban kai ba na zauna ina haki, tsofaffin Turawa suna wuce ni suna murmushi. Ki riƙe takalmin kambas da rigar ruwa, don sama ba ta sallama take sakin ruwa. A gindin duwatsun Cuillin kuma akwai wasu kududdufai da suke kira na aljanu, ruwan garai-garai har tsakuwar ƙasa kike gani, sanyinsa kuwa kamar ƙanƙara. Sai fadar Dunvegan, wadda zuriyar MacLeod ke riƙe da ita kusan shekara 800. Daga nan ake shiga ƙaramin kwalekwale a je kallon wasu dabbobin ruwa masu kan kare da jikin ayu, suna kwance kan duwatsu suna shan hantsi.

Abu biyu suka wahalar da ni. Na ɗaya wasu mitsi-mitsin ƙwari da ba su kai sauro ba amma sun fi shi naci. Na biyu lokacin salla: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan goma na dare, don haka ki nemi jadawalin salla tun kafin ki taso.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai wani kabari ne a Kilmuir, can ƙarshen arewacin tsibirin, na wata mata mai suna Flora MacDonald. Ku gyara zama.

A watan Afrilu na 1746 aka ci wani ɗan sarki mai suna Charles da yaƙi a Culloden. Kakansa aka tuɓe daga sarautar Ingila da Sikotlan, shi kuma ya zo ƙwato gadon gidansu. Kyakkyawa ne son kowa, amma sai ga shi yana ɓuya tsibiri-tsibiri, an sa ladan fam 30,000 ga duk wanda ya tona inda yake. Ana cikin haka aka haɗa shi da Flora, budurwa 'yar shekara 24. Ta samo takardar izinin tafiya, aka ɗinka masa kayan mata, aka ce 'yar aikinta ce mai suna Betty Burke. Cikin dare suka shiga jirgin ruwa suka tsallako Skye. An ce mutane sun yi ta mamakin wannan zabgegiyar mata mai tafiyar maza.

Wallahi da ni ke rubuta labarin nan, babi na ƙarshe ɗaurin aure ne, da kaɗe-kaɗe da algaita. To ba haka ta faru ba. A wani masauki a Portree suka yi sallama, ba su sake ganin juna ba har abada. Shi ya tsere Faransa, ita aka kama ta aka kai Landan aka tsare, sai a 1747 aka sake ta. Da aka tambaye ta dalili, an ruwaito ta ce tausayi ne kawai, ko abokin gabarsa ta gani cikin wannan hali za ta taimaka masa. A 1750 ta auri wani mutumin tsibirin, Allan MacDonald, suka hayayyafa. Sun yi ƙaura zuwa Amurka a 1774, yaƙi ya cinye abin hannunsu, ta dawo gida ta rasu a 1790. Shi kuwa ɗan sarkin giya ce ta ƙarasa shi, matarsa ma ta gudu ta bar shi, ya mutu a birnin Rum a 1788.

Ina tsaye a wurin iska na kaɗa mayafina, sai na tuna wasiƙunku. Wata ta sayar da ɗan kunnenta na gwal ta ba saurayi jari. Wata ta bar makaranta a aji biyar don ya ce ta jira shi, yau shekara uku ko gaisuwa babu. Ƙannena, alheri danƙo ne, ban ce ku daina ba. Amma Flora ta san abin da ta yi taimako ne, ba ta ɗauke shi alkawarin aure ba, ba ta kuma zauna bakin teku tana jiran jirgin Faransa ba. In kin taimaki mutum don Allah, ki bar wa Allah. In kuwa don aure ne, to ki ce ya turo magabatansa tun ɗan kunnenki yana kunnenki.

Wadda Allah ya kai ta Skye, kada ta tsaya ɗaukar hoto a Portree kawai, ta ƙarasa Kilmuir. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. A gaida min su Mama.

Taku har kullum.