Magana a kan Askarawan Iyaka da Wajen da Suka Sa Gaba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, ku sani akwai hanya cikin garin nan Kaduna wadda dattawa suke kira Titin Waf, ko da yake an sake mata suna zuwa na Muhammadu Buhari. Waf ɗin nan taƙaitawa ce ta sunan wata runduna ta Nasara, ma'anarsa Rundunar Iyaka ta Afirka ta Yamma. Ina so mu dubi sunan nan, mu dubi aikin da aka yi da shi.

A shekarar 1897 gwamnatin Ingila ta umurci Lugga ya tara soja, domin Faransawa suna matsowa ƙasar Bargu, kowa yana son bakin Kwara. Turawa ne hafsoshi, 'ya'yan ƙasa ne askarawa, da Hausa ake ba su umurni. Amma ba a gwabza da Faransa ba, gama a 1898 suka shirya tsakaninsu a birnin Faris. To, da tsoron na waje ya kau, ina aka juya bakin bindiga? Aka juyo shi ciki. Rundunar nan ita ta ci Kano da Sakkwato a 1903, ita ta kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin shekarar nan, ita kuma ta shafe Satiru a 1906. Sa'an nan aka kawo barikinta Kaduna, gwamna ya biyo ta daga Zungeru a 1917, watau soja ya riga alƙali da malami zama a garin nan. Mai tsaron ƙofa kuwa, me ya zaunar da shi tsakar gida?

Ban faɗi wannan don in zagi askarawan ba. 'Ya'yan talakawa ne, sun sha wuya a Kamaru da Habasha, sun mutu a dazukan Bama cikin yaƙin Hitila. Laifin yana wuyan wanda ya aike su. Rundunar ta watse a 1960, sojanmu na yau ya gāje ta.

Yanzu tsaron iyaka yana hannun kwastan da ma'aikatan shige da fice; na shige da ficen nan su aka cire daga 'yan sanda a 1958, aka yi musu doka tasu a 1963. Suna da kaki da bindiga, aikinsu kuwa halal ne, wajibi ma, domin iyakarmu da Nijar ta kai wajen kilomita 1,500, ta nan makamai da ɓarayin daji suke ratsowa. Abin da nake tsoro shi ne tsohuwar ɗabi'ar nan ta juya wa iyaka baya. Da aka rufe iyakoki daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, shinkafa ta yi tsada, fataken Jibiya da Illela da Maigatari suka zauna, amma kashe-kashe a Zamfara da Birnin Gwari bai tsaya ba. Mai buhu biyu ya ji nauyin hukuma, mai ɗauke da harsashi ya bi ta jeji.

Don haka ra'ayina, a kai yawancin ma'aikatan nan bakin iyaka sosai, a ba su albashi da ruwa da mota da zai hana su miƙa hannu, a ɗebe shingayen da ke kan hanyoyin cikin ƙasa. Kuma a riƙa shawara da hakimai da limaman garuruwan iyaka, gama su suka san wanda ya zo daga Maraɗi gaisuwar mutuwa da wanda ya zo da sharri. Ku malamai, ku faɗi wannan a wurin karatu, ku rubuta wa wakilanku na majalisa da sunayenku.

Haza wassalamu.