Damanarmu daga teku take tasowa

Mu mazauna Talaje, a birnin Yamai, mun san damana iri biyu. Akwai wadda ke barin hatsi ya ƙone a gona, kamar ta 1973 da ta 1984. Akwai kuma wadda ke rushe gidajen laka, kamar ta 2020 da ta 2024. Me ke kawo wannan bambanci?

Babban dalili yana can teku. Da bazara, rana takan gasa Sahara, iska mai zafi ta tashi sama. Sai iska mai laima ta taso daga tekun Atalantika, kudu da mu, ta maye gurbinta. Ita ke kawo mana hadari. In ruwan tekun da ke kusa da Kwatano da Legas ya yi sanyi, iskar takan yi ƙarfi har ta iso mu. In ya yi ɗumi, ruwan sama yakan tsaya a ƙasashen bakin teku. Ko tekun Fasifik, duk nisansa, yana taɓa mu. Shekarar da ruwansa ya ɗumama, abin da masana ke kira El Nino, sau da yawa damanarmu takan yi rauni.

Ana auna zafin tekuna kullum. A nan Yamai muna da cibiyar Agrhymet, wadda aka kafa a 1974 saboda fari. Kowace shekara, kafin shuka, ita da ma'aikatun yanayi na ƙasashenmu sukan faɗi yadda ake zaton damana za ta kasance.

Wasu na cewa wannan duba ne. A'a, awo ne, kuma ba alkawari ba ne. Ba ya faɗin ranar da ruwa zai sauka a gonar wane, amma yana nuna inda shekara ta dosa.

Saboda haka mu saurare shi. In an ce ruwa zai yi ƙaranci, mu nemi iri mai saurin nuna, kada mu sayar da hatsin rumbu da garaje. In an ce zai yi yawa, mu yashe magudanan ruwa, mu gyara rufin ɗakuna, mu kwantar da yara cikin gidan sauro.

Muna roƙon gidajen rediyo su riƙa faɗin wannan labari da Hausa da Zabarmanci tun da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya.