Kiwon anakonda: Abin da bidiyo ba ya nunawa, tun kafin ta iso fadamun Ikara da Makarfi

Duk mai riƙe da babbar waya a Saulawa ko Hunkuyi ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: saurayi ya rataya ƙaton maciji mai launin ɗorawa da ɗigon baƙi a wuyansa, yana shafa shi kamar mage. Macijin shi ne anakonda ruwan ɗorawa, kuma a Turai ana saye da sayar da shi a matsayin dabbar gida. Ganin yadda yayin kiwon karnukan waje da kyanwowi masu tsada ya kama samarin Kano da Kaduna da Zariya, ba abin mamaki ba ne idan wata rana wani ya ce shi ma anakonda yake so. Gara a yi maganar tun yanzu, domin wannan kiwo ne da ba mai shi kaɗai ke ɗaukar haɗarinsa ba.

Asalin macijin Kudancin Amurka ne, a dausayin Paraguwai da Bolibiya da kudancin Brazil da arewacin Ajantina. Ba shi da dafi, kuma wannan ce hujjar farko da masu sha'awarsa ke kafawa. Gaskiya ne. Sai dai kamar mesa, naɗe abin da ya kama yake yi ya matse har rai ya fita. Tamatar ta fi namijin girma, takan kai mita 3 zuwa 4, nauyinta kuma ya kai kilo 25 zuwa 35. Haƙoranta a lanƙwashe suke zuwa ciki, idan ta kama hannu, fizgewa ƙara yaga naman yake yi. Ko a cikin masu kiwon manyan macizai an san ta da saurin kai cizo, shi ya sa ƙa'idarsu ita ce kada mutum ɗaya ya ɗauki macijin da ya haura mita biyu da rabi ba tare da wani a tsaye kusa ba.

Wanda ake sayarwa ɗan jariri ne da bai wuce tsawon hannu ba. Cikin 'yan shekaru zai buƙaci keji mai girman rabin ɗaki, da kwamin ruwan da zai nutse a ciki gaba ɗayansa, domin mafi yawan rayuwarsa a ruwa yake yi. A cikin ruwan nan yake kashi, don haka sai an riƙa zubarwa ana sakewa a kai a kai. Gidan da ke sayen ruwa a wurin 'yan garuwa a watan Maris da Afrilu sai ya lissafa jarka nawa ke nan a mako. Ina kuma za a zubar da ƙazantaccen ruwan? Macizai na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai haddasa gudawa da zazzaɓi, kuma ta fi illa ga ƙananan yara, waɗanda su ne ke wasa a bakin kwatar gida.

Sai batun yanayi. Anakonda na son ɗumin da ya kai digiri 28 zuwa 32 a wani sashe na kejinta, da iska mai laima sosai. A arewacin jihar Kaduna, daren Disamba da Janairu sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15, iskar hunturu kuma ta bushe ƙarau har leɓe ya tsage. Macijin da aka kulle a irin wannan yanayi ba tare da na'urar ɗumama wuri ba yakan kamu da ciwon numfashi, ya kasa yin saɓa yadda ya kamata, ya daina cin abinci. Na'urar kuwa wuta take so dare da rana. Mutanen Ikara sun fi kowa sanin sa'o'i nawa suke ganin wuta.

Abincinsa ɓeraye ne tun yana ƙarami, daga baya zomaye da kaji, kuma zai iya rayuwa shekara 15 zuwa 20. Wato saurayin da ya saye shi yau zai yi aure, ya haifi 'ya'ya har su shiga sakandare, macijin yana nan. Idan ya yi rashin lafiya, likitocin dabbobin karkara aikinsu na shanu ne da awaki da kaji. Sai dai a ɗauke shi zuwa asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Da wace motar haya za a kai shi, wannan wata tambaya ce daban.

Wani zai ce ai riƙe maciji ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Haka ne. Gardawa sun daɗe suna yawo da mesa da kumurci a kasuwanni, suna wasa suna sayar da magani. Amma nasu sana'a ce ta gado wadda gari ya san masu yin ta, macizansu kuma na dajin nan ne, sun saba da rani da damina. Duk da hakan ba a rasa garadan da macijinsu ya yi ajalinsu. Yaron da ya koyi kiwo daga TikTok ba shi da ko wannan gadon.

Inda lamarin ya fi tsanani shi ne tsarin zaman gida. Baturen da ke cikin bidiyo yana iya zama shi kaɗai a gidansa da ƙofa mai makulli. A Saulawa, ɗakin samari yana zaure ne ko kusa da shi, a gidan da ke da kakanni da matan aure da yara goma da kaji da awaki, ƙofar ɗakin kuma labule ce da rana. Babu wanda ya nemi shawararsu, amma su ne za su kwana da macijin. A watan Agustan 2013, a garin Campbellton na ƙasar Kanada, wata mesa 'yar asalin Afirka ta fita daga kejinta ta bututun iska, ta faɗo ɗakin da wasu yara biyu 'yan shekara 4 da 6 ke barci, ta kashe su. Mai macijin ba sabon shiga ba ne, shagon sayar da irin waɗannan dabbobi yake da shi.

Idan kuma mai shi ya gaji, kamar yadda aka saba gajiya da duk wani yayi, ina zai kai shi? Abin da ya faru a Amurka ke nan. Mesar Bama da aka shigo da ita don kiwo ta bazu a dausayin Everglades na jihar Fulorida, har wani bincike na shekarar 2012 ya nuna wasu ƙananan dabbobin wurin sun ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari. A shekarar ce gwamnatin Amurka ta haramta shigo da manyan macizai huɗu, cikinsu har da anakonda ruwan ɗorawa. Maciji guda ɗaya ba zai mayar da Makarfi ta zama Fulorida ba, bai kamata a zuzuta ba. Amma Makarfi da Kudan ƙasar rake ce, fadamu ne da ruwa ke kwanciya kusan duk shekara, ga duhuwa ga ɓeraye, kuma wannan macijin ya saba da sanyin hunturun arewacin Ajantina. Tamatar ba ƙwai take yi ba, 'ya'ya take haifa da ransu, da yawa a lokaci guda. Masu saran rake da masu ban-ruwan tumatir su ne za su fara haɗuwa da ita.

Su kuwa dama suna da nasu macijin da ya ishe su. Kububuwa na sarar manoma a lokacin shuka da girbi, maganin dafinta kuma daga waje ake kawo shi, daga Birtaniya da Kosta Rika, har majinyata kan yi doguwar tafiya zuwa asibitin Kaltungo a jihar Gombe. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin cututtukan da aka yi watsi da su, tana ƙiyasta mutuwar mutum 81,000 zuwa 138,000 duk shekara a duniya. Yankin da bai gama da wannan ba bai kamata a ƙaro masa baƙon maciji don ɗaukar hoto ba.

Doka ba ta yi shiru gaba ɗaya ba. Anakonda ruwan ɗorawa tana cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, wato ba a fitar da ita daga wata ƙasa sai da takardar izini, Najeriya kuma na cikin yarjejeniyar, ga dokar kare namun daji ta 1985 da aka yi wa gyara a 2016, wadda hukumar NESREA ke sa ido a kan aiwatar da ita. Sai dai ƙarfin dokar a tashar jirgi da kan iyaka yake. Da zarar dabba ta shiga unguwa, mai unguwa da dagaci da ma'aikatan duba-gari ne suka fi kusa da ita. Majalisun ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan suna da ikon yin dokokin cikin gida kan ajiye dabbobi, kuma ya dace su rubuta ƙarara cewa ba a ajiye babban maciji, na gida ko na waje, a gidan da mutane ke kwana.