Tsakanin yashi da wuta: Me ya sa Faransawa suka koma kwana a dajin da ya ƙone?

A daren 12 ga watan Yulin 2022 zuwa wayewar gari, jami'an tsaro da 'yan kwana-kwana sun bi sansanonin shaƙatawa biyar da ke gindin tsaunin yashi na Pilat, a kudu maso yammacin Faransa, suna tashin mutane daga barci. Kimanin mutum 6,000 aka kwashe a daren, da yawa daga cikinsu sun bar tantunansu da kayansu a inda suke.

A lokacin wutar ba ta kai sansanonin ba tukuna. Sai bayan kwana shida, ranar 18 ga Yuli, iska ta juya, zafi ya haura digiri 40, wutar ta ratsa sansanonin biyar ta cinye kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ke cikinsu. Ba a rasa ran ko mutum ɗaya ba daga cikin masu hutun.

Tun daga 2023 sansanonin suka fara buɗewa, baƙi kuma suka dawo. Abin da har yanzu ake ja-in-ja a kai shi ne ko ya dace a ci gaba da kwantar da dubban mutane a wurin da daji mai saurin kama wuta ke gefe guda, yashi mai tafiya kuma ke ɗaya gefen.

Al'adar da ta samo asali daga hutun ma'aikata

Wanda bai san Faransa ba zai iya mamakin abin da zai sa mutum ya bar ɗakinsa ya biya kuɗi don ya kwana a tanti cikin daji. A can, wannan ita ce hanyar hutu ta mai ƙaramin ƙarfi. A 1936 gwamnatin Léon Blum ta kafa dokar da ta bai wa ma'aikata hutun mako biyu a shekara tare da albashinsu. Leburori da ma'aikatan masana'antu da ba za su iya biyan kuɗin otal ba suka riƙa ɗaukar tanti su nufi bakin teku da iyalansu.

Daga nan harkar ta bunƙasa. Yau Faransa na da sansanoni irin waɗannan sama da 7,000, adadin da babu wata ƙasa a Turai da ta kai shi. Sansanin zamani fili ne mai shinge da aka yanka gida-gida, da famfo da banɗaki da wutar lantarki, wasu har da wurin ninƙaya da kanti. Wani ya zo da tantinsa, wani da motar da ake kwana a cikinta, wani ya kama hayar ɗan ƙaramin ɗakin katako.

Sansanonin Pilat na cikin waɗanda suka fi suna. A ɗaya daga cikinsu aka ɗauki fim ɗin barkwanci mai suna Camping wanda ya fito a 2006, miliyoyin Faransawa kuma suka kalle shi. Shi ya sa da aka nuna hoton wurin a ƙone a talabijin, abin ya taɓa har waɗanda ba su taɓa taka ƙafa a can ba.

Dajin da hannu ya shuka

Abin da ke jan mutane wurin shi ne haɗuwar abubuwa uku a waje guda: tekun Atlantika, tsaunin yashi da ya haura mita 100 wanda ya fi kowanne tsawo a Turai, da kuma inuwar dajin Landes da ke bayansa.

Galibin wannan daji shuka shi aka yi. Shekara 250 da suka wuce, yawancin yankin fadama ce da fili inda makiyaya ke kiwon tumaki, yashin bakin teku kuma na kutsawa cikin ƙasa yana binne gonaki da gidaje. A ƙarshen ƙarni na 18 wani injiniya mai suna Nicolas Brémontier ya jagoranci aikin dasa itatuwa a kan yashin domin a tsayar da shi. A 1857, zamanin Napoleon na Uku, aka yi dokar da ta tilasta wa ƙananan hukumomin yankin su janye ruwan fadamun su dasa itatuwa.

Dabarar ba baƙuwa ba ce ga mutanen Yusufari a jihar Yobe da sauran garuruwan da rairayi ke ci a arewacin Najeriya da kudancin Nijar, inda ake dasa shingen itatuwa don tare hamada. A Faransa aikin ya yi nasara har ya samar da daji mai faɗin kusan hekta miliyan ɗaya.

Sai dai kusan iri ɗaya aka shuka ko'ina: bishiyar pin ta bakin teku, mai ganye kamar allura da ƙaro a jikinta. An zaɓe ta ne saboda tana jure yashi, ana kuma samun kuɗi daga ƙaronta da katakonta. Wannan ƙaron shi ne ke mayar da ita tamkar makamashi idan ta bushe. Busassun ganyenta da ke zuba a ƙasa suna kama wuta nan take, idan kuma wutar ta hau kan itatuwan sai ta riƙa tsalle daga wannan zuwa wancan.

Mutanen yankin sun san haka tun tuni. A watan Agustan 1949 wata gobara ta cinye kimanin hekta 50,000 na dajin, ta kashe mutum 82, galibinsu waɗanda suka fito kashe ta ne. Bayan wannan masifa aka yanka hanyoyi cikin dajin, aka tanadi wuraren ɗiban ruwa, aka gina hasumiyoyin hangen hayaƙi. Tsarin ya riƙe yankin shekaru da dama.

Yadda aka yi a 2022

Gobarar da ta ci sansanonin ta tashi ne daga wata mota da ta lalace ta kama wuta a kan wata hanya cikin dajin garin La Teste-de-Buch. A ranar ce kuma wata gobarar ta tashi a Landiras, can cikin ƙasa a lardin Gironde, abin da ya raba ƙarfin masu kashe gobara gida biyu.

Ƙasa ta riga ta bushe saboda ƙarancin ruwan sama da zafin da aka yi tun watan Yuni. Kafin a shawo kanta, gobarar La Teste ta ci kimanin hekta 7,000. Hekta ɗaya ta ɗara filin ƙwallon ƙafa girma. Jimillar mutanen da aka kwashe daga gidajensu da wuraren hutu saboda gobarar biyu a watan ya haura 36,000. A watan Agusta wutar Landiras ta sake tashi, har sai da ƙasashe irin su Jamus da Poland da Romaniya da Ostiriya suka aiko da ma'aikatansu don taimakawa.

Darasin farko a bayyane yake. Jiragen sama masu feshin ruwa da ɗaruruwan 'yan kwana-kwana ba su iya hana wutar isa sansanonin ba. Abin da ya ceci rayuka shi ne shawarar da hukumomin lardin suka yanke ta fitar da mutane tun wutar na nesa. Babbar hanya guda ce ke bi ta gaban sansanonin, tana tafiya tsakanin dajin da gaɓar teku. Da an jira sai hayaƙi ya rufe ta, da dubban mutane da motocinsu sun cushe a kanta lokaci guda.

Rigimar tsohon daji

Da wutar ta lafa, sai aka shiga nuna wa juna yatsa. Wani ɓangare na dajin La Teste, mai faɗin kusan hekta 3,800, ya bambanta da sauran domin shi tsohon daji ne da ya tsiro da kansa. Ana tafiyar da shi bisa wasu yarjejeniyoyi da suka faro tun 1468, waɗanda suka bai wa mazauna yankin 'yancin ɗiban itacen girki da katakon gini, yayin da masu filayen ba su da ikon sare itatuwa su sayar yadda suka ga dama.

Kusan duka wannan dajin ya ƙone. Wasu 'yan siyasa da masu filaye sun ce tsohon tsarin ne ya hana a share ciyayi da faɗaɗa hanyoyin da motocin kashe gobara za su bi. Masu kare tsarin sun mayar da martani cewa dajin Landiras, wanda aka shuka layi-layi ake kuma kula da shi don kasuwanci, shi ma ya ƙone, har ma ya fi na La Teste yawan ɓarna.

Kowane ɓangare na da hujjarsa. Daji mai cunkoso yana wahalar da masu kashe gobara, amma gobarar Landiras ta nuna cewa idan fari da zafi da iska suka haɗu, ko dajin da aka gyara bai tsira ba. Ga mai kwana a tanti, bambancin bai da yawa, tunda ko wane iri ne ke kewaye da shi zai iya kamawa.

Dalilin komawa

Shugaba Emmanuel Macron ya ziyarci La Teste ranar 20 ga Yuli, tun wutar ba ta gama mutuwa ba, ya yi alƙawarin za a sake gina abin da ya ƙone a kuma sake dasa dajin. A watan Oktoban shekarar ya sanar da shirin dasa itatuwa biliyan ɗaya a faɗin ƙasar cikin shekara goma, da ƙara yawan jiragen feshin ruwa samfurin Canadair daga 12 zuwa 16.

Dalilin hanzarin bai wuce tattalin arziki ba. Tsaunin Pilat na karɓar baƙi sama da miliyan ɗaya a shekara, kuma masu gidajen abinci, masu sayar da burodi, masu hayar kekuna da matasan da ke aikin bazara duk sun dogara da mutanen da ke kwana a sansanonin. Akwai kuma batun adalci. Yankin Arcachon na cikin wuraren da gidaje suka fi tsada a gaɓar tekun Faransa. Idan aka rufe sansanonin, masu kuɗi za su ci gaba da zuwa gidajensu da otal-otal, ƙaramin ma'aikaci ne zai rasa wurin sauka.

Masu fafutukar kare muhalli suna kallon lamarin ta wata fuskar. Tsaunin da kewayensa wuri ne da doka ta ba kariya ta musamman, kuma a ganinsu gobarar dama ce ta matsar da sansanonin zuwa wani wurin a bar dajin ya farfaɗo.

Yashi da teku ba sa jira

Ko da ba a sake yin gobara ba, wurin na da wata matsalar. Iskar teku na tura tsaunin yashin zuwa cikin daji da mita 1 zuwa 5 a kowace shekara. Ya riga ya binne itatuwa da hanyoyi, kuma sansanonin da ke gindinsa sun daɗe suna rasa filayen kafa tanti sannu a hankali.

Daga kudu da arewacin tsaunin kuma teku ce ke cin gaɓa. A garin Soulac-sur-Mer, duk a lardin Gironde, akwai wani bene mai suna Le Signal da aka gina a shekarun 1960, kimanin mita 200 daga ruwa. A 2014 aka fitar da mazauna cikinsa saboda teku ta matso, a 2023 aka rushe shi.

Dajin ma bai gama jin jiki ba. Bayan gobarar, wasu ƙwari masu huda ɓawon itace sun afka wa itatuwan da wuta ta raunana, aka kuma sare masu ɗimbin yawa don hana su yaɗuwa. Baƙin da suka dawo sun tarar da fili a inda da akwai inuwa, kuma bishiyar pin na buƙatar shekaru masu yawa kafin ta girma.

Abin da ya sauya

A ranar 10 ga Yulin 2023 Faransa ta kafa sabuwar dokar rigakafin gobarar daji. Ta tsaurara wajabcin share ciyayi da ƙananan itatuwa a kewayen gidaje da sansanonin da ke kusa da daji, ta ƙara tarar da ake cin waɗanda suka ƙi, ta kuma haramta shan taba a cikin daji da kusa da shi a lokutan haɗari. A bazarar wannan shekarar hukumar hasashen yanayi ta ƙasar ta fara fitar da taswirar haɗarin gobara kullum, lardi-lardi, da launuka huɗu daga kore zuwa ja.

An mayar da hankali kan halayyar mutane ne saboda hukumomin ƙasar sun ce tara daga cikin kowace gobarar daji goma ɗan Adam ne sanadinta: guntun taba, gashin nama, tartsatsin injin ko ganganci. Sansani kuwa wuri ne da ake tara dubban mutane da murhunsu da tukwanen gas da motocinsu a tsakiyar busasshen daji, a watannin da suka fi kowanne zafi.

Waɗannan matakai za su rage yawan tashin wuta, amma ba za su sauya yanayin da ke ƙara zafi ba. A watan Agustan 2025 wata gobara a lardin Aude da ke kudancin ƙasar ta ratsa kimanin hekta 16,000 cikin 'yan kwanaki, abin da ya nuna cewa 2022 ba ita ce ta ƙarshe ba.

Zaɓin da Faransa ta yi a Pilat shi ne ta zauna da haɗarin maimakon ta kauce masa. Wannan zaɓi zai ɗore ne kawai idan ana share kewayen sansanonin kowace shekara, ana barin hanyar fita a buɗe, kuma akwai jami'in da zai iya ba da umarnin tashin mutum 6,000 cikin dare alhali masu sansani na asarar kuɗi, baƙi kuma na ƙorafin cewa ba su ga wuta ba. A 2022 an samu wanda ya yi hakan, kuma kwana shida ne tsakanin umarnin nasa da isowar wutar.