A Faɗa Wa Jama'a Nawa Ake Biyan Lauyoyi A Shari'o'in Haraji

A watan Agustan 2021, Babbar Kotun Tarayya da ke Fatakwal ta yanke hukuncin cewa jihar Ribas ce ke da ikon karɓar harajin VAT a jiharta, ba hukumar haraji ta tarayya, FIRS, ba. Gwamna Nyesom Wike ya rattaba hannu a kan dokar jiha, Legas ta bi sahu. FIRS ta ɗaukaka ƙara, kotu a Abuja ta ce kowa ya tsaya inda yake, magana ta kai Kotun Ƙoli. Kowane ɓangare ya jero manyan lauyoyi masu lambar SAN.

Mai ƙara gwamnati ce, wadda ake ƙara ma gwamnati ce. Ɗan Fatakwal da ke sayen katin waya yana biyan kashi 7.5 cikin ɗari, shi ya biya lauyan jiha, shi ya biya lauyan tarayya. Bakano da Bakatsine ma da kuɗinsu a ciki, tunda hukumar haraji ta tarayya ta kowa ce.

Haka aka yi da MTN. A 2018 Antoni Janar Abubakar Malami ya nemi kamfanin ya biya bashin haraji na dala biliyan 2. Aka shafe fiye da shekara ana jeka-ka-dawo a kotu, sai a Janairun 2020 ofishinsa ya janye, ya miƙa batun ga FIRS da kwastam, inda ya kamata ya tafi tun farko.

Gwamnati na da haƙƙin bin kuɗinta, kuma wasu shari'o'in sai ƙwararre. Damuwarmu ita ce ma'aikatun shari'a cike suke da lauyoyi masu albashi, amma da zarar ƙara ta yi maiƙo sai a miƙa ta waje. Wanda ya ga taƙaddamar dala miliyan 418 da masu ba da shawara suka nema kan kuɗin Paris Club ya san inda irin wannan ke kaiwa.

Sabbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 sun kafa hukumar haɗin gwiwa ta haraji. A can ya kamata jihohi da tarayya su fara sasanta rigimarsu kafin kotu. Muna kira ga Majalisar Tarayya da majalisun jihohi su tilasta wa kowace hukumar haraji ta riƙa buga sunan lauyan da ta ɗauka, da abin da ta biya shi, da abin da shari'ar ta dawo da shi baitulmali.